Sashen kula da ma'aikata: ajiyar fayil ne kawai, ko yana da hannu a ribar kamfani?

Sabon_Manaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar kula da ma'aikata. A ce kamfani ya fara da mutum 15, yanzu ya kai 60, amma har yau akanta ne ke biyan albashi, shi ke riƙe da takardun hutu, mai kamfani kuma shi ke ɗaukar aiki da kansa. An ce lokaci ya yi da za a buɗe sashen HR, wato sashen kula da ma'aikata. Mene ne ainihin aikin wannan sashe, kuma me ya raba shi da tsohon ofishin ma'aikata mai ajiye fayil? Da ake cewa yana da hannu a tsara alƙiblar kamfani, gaskiya ne ko daɗin bakin masu shirya bita ne? Sannan daga ina ake farawa?

Dattijon_Ofis:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki ɓangaren tarihi, domin kowane reshe na wannan aiki wata matsala ce ta haife shi, kuma matsalolin suna nan da ransu.

A masana'antun Ingila da Amurka na ƙarshen ƙarni na 19, heluma ne wuƙa da nama. Shi ke tsayawa bakin ƙofa da safe ya zaɓi wanda zai shiga, shi ke yanka lada, shi ke kora in ransa ya ɓaci. Waɗanda suka fara shiga tsakaninsa da lebura su ne jami'an jin daɗin ma'aikata, akasarinsu mata, da wasu masu masana'antu suka ɗauka don duba lafiya da tsafta da halin da mata da yara ke aiki a ciki. A 1913 suka kafa ƙungiyarsu a birnin York na Ingila, wadda daga baya ta zama CIPD, ƙungiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Birtaniya.

Reshe na biyu daga injiniyoyi ya fito. Frederick Taylor, wanda ya wallafa tsarinsa a 1911, ya riƙa bin ma'aikaci da agogo yana auna kowane motsi. A cewarsa, a kamfanin ƙarfe na Bethlehem ya ɗaga lodin da mutum ɗaya ke yi a rana daga tan 12 da rabi zuwa tan 47, lada kuma daga dala 1.15 zuwa 1.85. Aiki ya kusa ninka huɗu, lada ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari kacal, ka ga dalilin da ƙungiyoyin ƙwadago ba su taɓa ga maciji da shi ba. Amma daga wurinsa aka gaji fasalta aiki daki-daki, da zaɓen mutum gwargwadon aikin, da koya masa hanya ɗaya tsayayya.

Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne Ford. A 1913 aikin layin haɗa mota ya gunduri mutane har sai da kamfanin ya ɗauki fiye da mutum 50,000 a shekara guda don cike guraben da ba su wuce 14,000 ba. A Janairun 1914 Henry Ford ya mai da ladan rana dala 5 daga 2.34, ya rage awoyin aiki daga 9 zuwa 8. Ba sadaka ya yi ba. Layin ba ya tafiya in kullum sababbin hannu ne a kansa, kuma asarar hakan ta fi ƙarin lada ciwo. Sai dai kuɗin da sharaɗi, har gida ake bin ma'aikaci a ga yadda yake zaune da iyalinsa, shisshigin da yau ba za a yarda da shi ba.

Daga nan sai binciken Hawthorne, a masana'antar Western Electric kusa da Chicago, tsakanin 1924 da 1932, wanda ake jingina wa masanin nan Elton Mayo na jami'ar Harvard. Abin da aka ɗauka daga ciki shi ne zaman tare da yadda shugaba ke mu'amala da mutane suna shafar yawan aiki. A yi hattara da yadda ake ba da labarin a bita: rukunin da aka fi ambata mata biyar ne masu haɗa kayan waya, an sauya biyu daga cikinsu ana tsakiyar gwajin, kuma an canza musu tsarin biya. Ba za a ce kulawa kaɗai ce ta ƙara aikin ba.

Ofishin fayil da kake magana doka ce ta gina shi. An kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, yarjejeniyarta ta farko ta ƙayyade awa 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. A Amurka dokar 1935 ta tabbatar wa ma'aikata 'yancin ƙungiya da ciniki kan albashi, ta 1938 ta kawo mafi ƙarancin lada da biyan ƙarin lokaci, ta 1964 ta hana wariya wajen ɗaukar aiki. Kowace doka tana buƙatar wanda zai ajiye shaida.

Sunan sashen ya fara canzawa ne sosai daga ofishin ma'aikata zuwa HR a shekarun 1980, lokacin da kamfanonin Japan suka matsa wa na Amurka lamba a kasuwar mota da kayan lantarki, aka ga ba injina kaɗai suka bambanta su ba, har da yadda suke horar da mutane da riƙe su. A 1984 malamai a jami'o'in Harvard da Michigan suka fitar da tsare-tsaren da suka ɗaura harkar ma'aikata da manufar kamfani. Babbar ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, da aka kafa a 1948, ta sauya suna zuwa SHRM a 1989. Wani masani, Dave Ulrich, kuma a 1997 ya kasa aikin sashen gida huɗu: gwanin gudanarwa, mai kare muradin ma'aikata, jagoran sauyi, da abokin tsara manufa. Kowa na son na huɗun, amma wanda ya kasa na farkon ba a sauraronsa.

Uwar_Fayil:

Dattijo ya gama da tarihi, ni ga inda za ka fara, ɗan'uwa. Kada ka fara da littafin ƙa'idoji mai shafi 80 da aka kwafo daga intanet. Fara da ƙirga mutane.

Buɗe wa kowane ma'aikaci fayil: takardar ɗaukar aiki mai sa hannun ɓangarorin biyu, ranar da ya fara, muƙaminsa, albashi da alawus, sunan shugabansa, asusun banki, wanda za a tuntuɓa in wani abu ya faru, da kwanakin hutun da yake bi. Sannan ka ɗauki jerin sunayen da ake biya albashi ka gwada da mutanen da kake gani da ido. A kamfanin da ya girma da sauri kusan dole ka tarar da wanda ba shi da takarda, da wanda aka yi wa ƙarin albashi da baki, wani lokaci har da wanda ya bar aiki ana ci gaba da biyansa. Daga ranar, wanda ke saka suna ko canza adadi a jerin albashi ya zama daban da wanda ke sakin kuɗi. Muddin hannu ɗaya ke yin biyun, ƙofar ma'aikatan bogi a buɗe take, ko da akantan mutumin kirki ne.

Bayan haka sai bayanin aiki. Shafi ɗaya ya isa: dalilin gurbin, manyan ayyuka 5 zuwa 7, sakamakon da ake jira, wa yake ƙarƙashinsa, da abin da dole mai gurbin ya iya. A rubuta shi tare da wanda ke yin aikin da shugabansa, domin in manaja ya rubuta shi kaɗai abin da yake zato ake yi zai rubuta. Mutum 60 da wuya su wuce ayyuka iri 20 zuwa 25.

Tsarin albashi shi ne wurin da ya fi zafi, don haka zan ɗan daɗe a kai. Jera ayyukan bisa nauyinsu, wato ilimin da suke buƙata, girman shawarar da ake yankewa, da ɓarnar da kuskure zai jawo, ka kasa su mataki 5 zuwa 7. Aikin ake aunawa, ba mutumin da ke kai ba, nan ne ake yawan zamewa. Kowane mataki a sa masa albashin tsakiya bisa abin da kasuwa ke biya, ƙasansa ya zama kamar kashi 80 cikin ɗari na tsakiyar, samansa kashi 120. In ka ɗora mutanenka a kai za ka samu kashi uku. Waɗanda ke ciki, babu magana. Waɗanda ke ƙasa da mafi ƙaranci, a ɗaga su, ko da a zango biyu ne. Waɗanda suka haura sama, kada a rage musu, a tsayar da ƙarinsu har matakin ya cim musu. Rage albashi ba tare da yardar mutum ba saɓa kwantiragi ne a mafi yawan dokoki. Abin da ke kashe zuciyar tsofaffin ma'aikata shi ne a ɗauko sabo a farashin kasuwa na yau, su kuma suna kan na shekara huɗu baya, su ne kuma za su koya masa aikin. Kada ka yi tunanin ba za su sani ba. Duk shekara a duba wannan giɓi kafin a buɗe sabon gurbi.

Ɗaukar aiki kuma, a daina hirar "ba mu labarin kanka". A fitar da tambayoyi 6 zuwa 8 daga bayanin aikin, a yi wa kowane mai nema iri ɗaya, a tsara tun farko wace amsa ce ta maki 1, wacce ta 3, wacce ta 5. Masu intabiyu biyu ko uku, kowa ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, in ba haka ba duk za su bi bakin babba. A haɗa da gwajin aiki na gaske: akawu a ba shi lissafi mai kuskure ya gano, mai gyaran inji a kai shi gaban inji. Babban nazarin da Paul Sackett da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya sa intabiyu mai tsari irin wannan a sahun gaba wajen hasashen wanda zai iya aiki, nesa da yawan shekarun da mutum ya rubuta a takardarsa.

Wanda aka ɗauka a zauna da shi a kwana na 30, na 60 da na 90, a rubuta abin da aka tattauna. Lokacin gwaji da ya ƙare ba wanda ya ce uffan, ka riga ka tabbatar da mutum ko ba ka yi niyya ba.

Mai_Lissafi:

Hajiya ta shimfiɗa tushe. Kan tambayar ko daɗin baki ne: yakan zama daɗin baki, kuma ga yadda ake ganewa. In shugaban sashen ba zai iya faɗin ta ina kamfani ke samun riba ba, da guraben da in suka zama fanko kuɗi zai tsaya, to sunan kawai aka canza.

Hannu a manufa yana nufin tsarin ma'aikata ya bi hanyar da kamfani ya zaɓa don cin kasuwa. Mai gasa da araha yana son aiki mai sauƙin koyo, horaswa gajera, da sa ido sosai kan awoyi da ƙarin lokaci. Mai gasa da inganci ko ƙwarewa dole ya tsananta zaɓe, ya biya sama da kasuwa a guraben da suka fi muhimmanci, ya riƙe mutane shekaru. Kowanne na iya yin nasara. Wanda ke faɗuwa shi ne mai yi wa abokan ciniki alkawarin inganci yana biyan ladan mai araha.

Ga misali da lissafi. Kamfani zai buɗe sabon layin aiki nan da wata 6, yana buƙatar masu sarrafa inji 20. Koyon injin wata 3 ne, nema da tantancewa mako 6. Ke nan wata 4 da rabi sun tafi, saura mako 6 kacal a fara talla. In bayanan baya sun nuna mutum 1 cikin 4 ba ya kai ƙarshen gwaji, 20 ba za su isa ba, sai an ɗauki 27. Su wa za su koyar da su? Ƙwararrun da ke kan layin yanzu, wato aikin da ake yi zai ragu na wata 3, a saka wannan a kasafi. In ba a kira mai kula da ma'aikata ba sai bayan an sayo injin, injin zai zauna yana jiran mutane, bashin da aka saye shi da shi kuma ba ya jira.

Alƙaluman da za a riƙa kai wa shugabanni kowane wata kaɗan ne. Na farko yawan masu barin aiki: adadin waɗanda suka tafi a shekara, a raba da matsakaicin yawan ma'aikata, a ninka da 100. Mutum 18 cikin 60 kashi 30 ke nan. Wannan adadi shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an fasa shi: nawa suka tafi da kansu, nawa aka sallama, nawa suka tafi cikin kwana 90 na farko, kuma daga ƙarƙashin wane shugaba. In tafiyar ta taru a kwana 90 na farko, matsalar zaɓe ce ko an yi wa mutane alkawarin da ba haka aikin yake ba. In 11 cikin 18 daga sashe ɗaya suka fito, ƙarin albashi ga kowa ɓarnar kuɗi ne, a je a duba shugaban sashen. Sai fashin aiki: kwanakin da aka rasa a raba da jimillar kwanakin da ya kamata a yi. Sai kwanakin da gurbi ke ɗauka kafin a cike shi, da kason albashi cikin kuɗin shiga.

Kuɗin maye gurbin mutum ɗaya kuma ku lissafa naku, kada ku ɗauko adadi daga wani wuri: talla, awoyin masu intabiyu, ƙarin lokacin da aka biya masu riƙon gurbin, horaswa, da aikin da sabo bai kai ga yi ba a watanninsa na farko. Ranar da mai kamfani ya ga wannan adadi an ninka shi da 18, zai fara kiran sashen zuwa taron kasafi da kansa.

Horaswa ma a auna ta. Donald Kirkpatrick tun 1959 ya kawo matakai huɗu: ko mahalarta sun ji daɗi, ko sun koya, ko sun canza yadda suke aiki, ko sakamako ya canza. Yawanci a na farko ake tsayawa, takardar da ake cikewa a ƙarshen bita.

Ɗan_Ƙwadago:

Ban ƙi ta Malam Mai_Lissafi ba, amma akwai gyara. Sashen nan na kamfani ne, kamfani ke biyansa, kada a ruɗi ma'aikata da cewa lauyansu ne. Abin da za a nema a wurinsa shi ne adalci a hanya, kuma nan ne sababbin sassa suka fi yin tuntuɓe.

Ladabtarwa tana da jeri. A bincika tukuna. A ba mutum takardar tuhuma mai faɗin abin da ya yi, da rana, da ƙa'idar da ya karya, a ba shi lokacin amsawa a rubuce, kwana 2 ko 3. A zauna da shi, ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya in yana so. Wanda ya kawo ƙara kada ya zama mai yanke hukunci. Hukunci ya bi mataki: gargaɗin baki da aka rubuta a fayil, gargaɗi a rubuce, gargaɗin ƙarshe, sannan sallama, sai dai babban laifi irin sata ko duka, shi ma sai an ji ta bakinsa. A bar ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa wani na sama. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta tsaya kan abu biyu: dalili ingantacce, da damar kare kai. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba, don haka a duba dokar ƙasar da kamfani yake kan wa'adin sanarwa da haƙƙoƙin sallama. Kamfanoni kan faɗi a kotu alhali ma'aikacin ya yi laifin, saboda fayil ɗinsa babu gargaɗi ko ɗaya, ko kuma wani ya yi irin laifin bara an ƙyale shi.

Sannan a yi hankali da ɗaura lada a kan adadi ɗaya. A 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikata sun buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. An sallami kimanin 5,300. Laifin da mutum dubu biyar suka yi iri ɗaya, tsarin ne ya koya musu. Haka tsarin jera ma'aikata dole, wanda kamfanin General Electric ya shahara da shi zamanin shugabansa Jack Welch: kashi 20 na sama, 70 na tsakiya, 10 na ƙasa a rabu da su. Microsoft ta yi watsi da irinsa a 2013. A sashe mai mutum 8 da duk suke aiki da kyau, tilasta wa shugaba ya fitar da na ƙarshe yana sa kowa ya ɓoye abin da ya sani.

Sabon_Manaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: ga mutum 60, sashe guda za a buɗe ko mutum ɗaya ya isa? Kuma manhajar kwamfuta fa, a saya tun yanzu?

Uwar_Fayil:

Mutum ɗaya ya isa, amma gogagge wanda ya taɓa kowane ɓangare, kuma ya riƙa kai rahoto kai tsaye ga shugaban kamfani. In aka sa shi ƙarƙashin akanta, duk shawararsa za ta koma ta rage kashe kuɗi. Lissafin albashi ya zauna wurin akanta, shi kuma ya riƙa amincewa da duk canji kafin a biya. Kwantiragi da littafin ƙa'idoji a kai wa lauyan ƙwadago ya duba sau ɗaya, a sake dubawa in doka ta canza.

A kuma fayyace tun ranar farko cewa ba shi zai riƙa shugabantar mutane ba. Ba da aiki, duba shi, gaya wa mutum ya yi daidai ko bai yi ba, duk na shugaban sashe ne. In ba a faɗi haka ba, manajoji za su riƙa turo masa duk maganar da suke jin nauyin faɗa. Ya ware watanninsa na farko ya koya musu yin intabiyu, rubuta gargaɗi, da zaman duba aiki na minti 30 duk wata uku.

Manhaja ta jira wata 6. Mutum 60 jadawalin kwamfuta mai kalmar sirri ya ɗauke su, in dai mutum biyu ko uku ne kawai ke iya buɗe shi kuma ana ajiye kwafi a wani wuri. Sai bayanan sun tsabtata, matakan albashi sun zauna, an san wa ke amincewa da hutun wa, sannan a sayi manhaja, a kuma tabbatar za ta bari ku fitar da bayananku gaba ɗaya in kun so canza ta. Takardun asibiti da na tuhuma a ware su daga babban fayil, shugaban sashe ba ya buƙatar sanin ciwon mutum, kwanakin da likita ya ba shi kawai zai sani.